Hoton Haƙori Na Dijital: Hasken Da Ya Fid Da Likita Daga Zato Zuwa Yaƙini

Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa kwana da shi, ya hana shi runtsawa tun daga bayan lisha har kiran assalatu, ya tauna kanumfari, ya kurkure baki da gishiri da ruwan ɗumi, ya dafe kunci yana kai da komowa a tsakar gida alhali mutanen gidan suna ta barcinsu, to ya san cewa wannan ɗan ƙanƙanen abu da Allah Maɗaukakin Sarki ya dasa a bakin ɗan Adam, idan ya tashi fitina, bai san sarki ba, bai san talaka ba. Abin da mafi yawanmu ba mu sani ba, sai ranar da muka zauna a kan kujerar likita, shi ne cewa farin nan da yake bayyana in mutum ya yi murmushi bai wuce kimanin sulusin haƙori ba. Sauran yana binne cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi ya lulluɓe shi, kuma a can cikin wannan ɓoyayyen wuri ne, ko a tsakanin haƙora biyu da suka matse juna har tsinken sakace ba ya shiga, galibin cuta take fara gina gidanta.

Ina yaro aka yi wani abu a gidanmu wanda har yau bai fita daga zuciyata ba. Yayata ta yi kwanaki tana fama da turminta na ƙasa, har aka kira wani mai cirar haƙori irin masu yawo unguwa-unguwa da awartaki a cikin jaka. Ya tambaye ta wanne ne, ta nuna masa da yatsa, ya kama ya cire, muka ga haƙori fari sol, babu rami babu tabo. Aka biya shi ya tafi. Daren nan ciwon ya dawo kamar ba a taɓa komai ba, domin mai laifin yana nan daram a kusa da giɓin, kuma sai da aka cire shi bayan mako guda sannan ta sami barci. Ta rasa haƙora biyu a kan ciwo ɗaya tana budurwa, ta rayu da taunar ɓangare guda shekaru masu yawa. Ban ɗora wa mutumin nan laifin mugunta ba; ya yi aiki ne da iyakar abin da idonsa ya gani da abin da mai ciwo ta faɗa masa, kuma duka biyun suna iya yaudarar mutum.

Wannan mas'ala tsohuwa ce a wurin ma'abota ilmin ɗibbu. Babban tabibin nan na Andalus, Abul Ƙasim az-Zahrawi, wanda ya rayu a yankin Ƙurɗuba ya rasu wajejen shekarar 1013 ta Miladiyya, ya keɓe maƙala ta ƙarshe daga cikin maƙaloli 30 na littafinsa At-Tasrif ga aikin tiyata, a cikinta kuwa ya zana siffofin kayan kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, da na zaƙulo saiwar da ta karye, ya kuma bayyana yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya. Amma abin da ya fi jan hankalina a bahasinsa shi ne gargaɗin da ya yi, cewa kada a yi gaggawar cire haƙori sai dabara ta ƙare, tun da ba shi da mamayi, kuma cewa raɗaɗi yakan ruɗi majinyaci ya nuna lafiyayyen haƙori a cire masa, ciwon kuwa ya zauna. Ya ce ya sha ganin haka a hannun masu ƙaho na zamaninsa. Ashe abin da ya sami yayata a tsakar gidanmu, malamin ya riga ya siffanta shi shekaru kusan dubu da suka shuɗe. Ya san illar, ya kuma san dalilinta, abin da ya rasa kawai shi ne idon da zai ratsa ƙashi.

Daga Wurzburg zuwa ɗakin duhu

Wannan ido bai samu ba sai ranar 8 ga Nuwamba, 1895, a birnin Wurzburg na ƙasar Jamus, lokacin da wani malamin ilmin fiziks, Wilhelm Röntgen, yana gwaji da wata kwalba da aka zuƙe iskar cikinta ake tura mata wutar lantarki, ya lura da wani allo da aka shafa wa sinadari yana ƙyalli a gefe, alhali kwalbar tana lulluɓe da baƙin kwali ta yadda babu hasken da ido ya sani da zai iya fita. Da ya tabbatar cewa wani irin haske ne da ba a san shi ba, mai wuce takarda da katako da naman jiki amma ƙashi da ƙarfe su tare shi, sai ya laƙaba masa harafin X, wanda masu aljabara suke sa wa adadin da ake nema ba a gano ba tukuna; daga nan ne muka sami kalmar eksire. Kafin ƙarshen shekarar ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwan yatsu da zobe suka fito sarai. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fanninsa, kuma ya ƙi mallake wannan ilmi da sunansa, ya bar shi ga amfanin jama'a, lamarin da ya cancanci a ambata masa da alheri.

Likitocin haƙori ba su yi jinkiri ba. A watan Janairu na 1896 wani daga cikinsu, Otto Walkhoff na garin Braunschweig, ya naɗe ɗan gilashin hoto da baƙar takarda da roba, ya sa a bakinsa, ya tsaya cik har minti 25 haske yana ratsa fuskarsa, kafin ya sami wata inuwa mai dushu-dushu ta haƙoransa. A Amurka kuma Edmund Kells na birnin New Orleans yana cikin na farko-farkon da suka shigo da eksire ɗakin duba majinyata a wannan shekara, sai dai ya biya farashi mai tsada: shekara da shekaru yana sa hannunsa a gaban hasken ba tare da kariya ba, har yatsunsa suka kamu da ciwon daji, aka yi ta yanka kaɗan-kaɗan har aka kai ga cire hannun ɗungurungum. Ya mutu a 1928, shekarar da masana suka taru a birnin Stockholm suka kafa kwamitin duniya na kare mutane daga cutarwar wannan haske. Na kawo labarinsa ne don mai karatu ya riƙe tun yanzu cewa ni'imar nan tana tafe da sharaɗi.

Daga 1913, lokacin da kamfanin Kodak ya fara sayar da fim ɗin haƙori a cikin ƙunshinsa, har zuwa kusan ƙarshen ƙarni na 20, hanyar aiki ɗaya ce, kuma har yanzu ita ake bi a asibitoci da yawa. Ana sa ɗan ƙunshin fim a bayan haƙori, a harba haske, sannan ma'aikaci ya shiga ɗakin duhu, ko ya zura hannuwansa cikin wani akwati marar haske, ya ɓare ƙunshin, ya tsoma fim ɗin a ruwan sinadarin da ke fito da hoto, ya ɗauraye, ya tsoma a na biyu mai tsayar da shi, ya sake ɗaurayewa, ya rataye ya bushe. Irin dai wankin hoton da masu ɗaukar hoto na bakin kasuwa suke yi a da. Ƙa'idar aikin ita ce ruwan ya kasance a ma'aunin zafi 20 a bar fim ɗin minti 5. To, mai karatu ya kwatanta wannan da Sakkwato ko Maraɗi ko Maiduguri a tsakiyar bazara, inda zafi yake haura 40, ruwan ya ɗumame, fim ɗin da ke ajiye a kabad ya fara lalacewa tun ba a buɗe shi ba. Sai hoto ya fito baƙi ƙirin ko fari fat, a kira majinyaci a sake harba masa haske a banza. Ga kuma ruwan da aka gama aiki da shi, mai ɗauke da narkakkiyar azurfa, da ɗan falle na dalma da ke cikin kowane ƙunshi, waɗanda bai halatta a zubar da su a kwata ko a bola ba.

Yadda na'urar take aiki

Wani likitan haƙori Bafaranshe, Francis Mouyen na birnin Tulus, shi ne ya fara kawar da fim daga wannan aiki, kuma a 1987 kamfanin Trophy ya fito da na'urarsa kasuwa da sunan RVG. Hikimar abin mai sauƙin fahimta ce. Bututun da ke harba haske yana nan yadda yake. Abin da aka sauya shi ne mai karɓar hasken a cikin baki. A madadin fim, sai aka sa wani ɗan allo mai kamar akwatin ashana amma bai kai shi kauri ba, a cikinsa akwai shimfiɗar wani sinadari da ke mai da hasken eksire ya koma haske irin na gani, a ƙarƙashinta kuma akwai irin idon da ke cikin kyamarar wayar hannu, wanda aka rarraba zuwa ƙananan gidaje sama da miliyan, kowane gida bai kai kaurin gashin kai ba. Kowane ɗaya yana auna yawan hasken da ya iso gare shi ya mai da shi adadi; inda ƙashi ko cikon ƙarfe ya tare haske sai wurin ya fito fari, inda ruɓa ta cinye haƙori ko mugunya ta narkar da ƙashi sai haske ya wuce wurin ya yi duhu. Kwamfuta ta tattara waɗannan adadai ta jera su, kafin ma'aikaci ya dawo daga bayan bango hoto ya bayyana a kan allo.

Akwai nau'i na biyu da ya yaɗu a asibitocin haƙori tun daga 1994, wato wani falle siriri mai laushi kamar fim, marar waya, wanda yake riƙe hoton a ɓoye har sai an zura shi cikin wata na'ura ta karance shi da hasken leza. Daga nan a goge shi da haske a sake aiki da shi sau ɗaruruwa. Wannan ya fi daɗi a bakin yara da masu ƙaramin baki, ko da yake yana ƙara ɗan jira.

Na ga fa'idar abin da idona a bara, da na raka kawuna wani asibitin haƙori a Kano. Dattijo ne ɗan kasuwa, mai yawan asuwaki, wanda bai yarda da zuwa asibiti ba sai tura ta kai bango. Yana zama a kujera, tun likita bai gama sa safar hannu ba, ya ɗora yatsa a kan wani turmi na sama ya ce, "Likita, ga shi nan. Cire mini shi kawai in huta."

Likitan, wanda a haife kawu ya haife shi, ya duba da ɗan madubinsa, ya ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa su da auduga mai sanyi, sannan ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri mu ɗauki hoto tukuna. Wanda kuka nuna ɗin nan ban ga laifinsa ba."

Wata ma'aikaciya ta zura ɗan allon cikin sabuwar leda, ta daidaita shi a bakin kawu, muka fita muka tsaya a bayan ƙofa, na'ura ta yi ƙara sau ɗaya. Da muka koma, ga haƙora uku a kan allo, kowanne ya fi tafin hannu girma, da saiwoyinsu a tsaye cikin ƙashi kamar rogo a cikin ƙasa. Likita ya juyo da allon wajen kawu, ya ƙara girman hoton, ya ɗan ƙara masa duhu, ya sa bakin alƙalami a kan haƙorin da ke maƙwabtaka da wanda aka zarga. A gefensa, daidai inda ya jingina da ɗan'uwansa, akwai wata baƙar inuwa da ta ci ta shiga har ɗakin jijiya, a ƙarshen saiwarsa kuma wani ɗan duhu kewayayye kamar ƙwayar wake.

"Baba, kun ga nan? Ruɓar ta shiga ta gefe ne, shi ya sa daga sama ba a ganinta. Wannan duhun na ƙasa kuwa mugunya ce ta fara taruwa. Amma saiwar da ƙarfinta, ƙashin ma bai zaizaye ba. In kun yarda, sai mu wanke jijiyar mu cike shi, ba sai an cire ba."

Kawu ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ikon Allah. Ashe da na sa ka zalunci bawan Allah, ɓarawon yana gefe. Ɗana, yi abin da ka ga ya dace."

Na tuna yayata a wannan lokaci, na kuma fahimci cewa babbar fa'idar wannan na'ura, a ganina, ita ce hujjar da take ajiyewa a tsakanin likita da majinyaci, su biyu suna kallon abu ɗaya. A zamanin fim, likita ne kaɗai yake ɗaga ɗan hoton da bai wuce kan sarki ba ya duba a fitila, majinyaci kuwa sai dai ya gaskata ko ya yi zargin ana son a ci kuɗinsa. Gani ya kori ji. Dattijon da ya shigo da hukuncinsa a baki ya janye shi da kansa, babu jayayya, domin ya ga dalili. A wajen aikin ma hoton bai gushe yana amfani ba: likita ya auna tsawon saiwar a kan allo da milimita, ya sake ɗaukar wani hoton da siririyar allurar aiki a cikin saiwar don ya tabbatar ta kai ƙarshe ba ta zarce ba, duk a zama ɗaya, ba tare da an bar dattijo da baki buɗe ana jiran fim ya bushe ba. Bayan watanni da muka koma, aka jera tsohon hoto da sabo, duhun nan na ƙarshen saiwa ya ragu ƙwarai, sabon ƙashi yana cike gurbinsa.

Hoton da aka yi wa kawu shi ne ƙarami, mai nuna haƙori biyu ko uku daga kai har saiwa. Akwai wanda ake cije ɗan maƙalinsa ya nuna kawunan turame na sama da na ƙasa a tare, wanda Howard Raper ya fito da shi a Amurka a 1925, kuma babu kamarsa wajen kama ruɓar tsakanin haƙora tun tana ƙarama, da nuna yadda ciwon dasashi yake zaizaye ƙashin da ke riƙe da haƙora, cutar da take yawan tsananta ga masu ciwon sukari har haƙoransu su yi ta girgiɗi ba tare da rami ba. Akwai babba, wanda na'ura take kewaya kan mutum ta shimfiɗa muƙamuƙai biyu a hoto guda daga kunne zuwa kunne, aikin da Yrjö Paatero na ƙasar Finlan ya inganta bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da shi ake ganin turmin ƙarshe da ke fitowa bayan balaga idan ya kwanta a karkace cikin ƙashi, da kusancinsa ga jijiyar da ke ba leɓen ƙasa ji, wadda in aka ji mata rauni wajen cira leɓe yakan mutu na tsawon lokaci. Da shi ake duba yaron da ya yi famfara sabon haƙori ya ƙi fitowa. Da shi ake gano karayar muƙamuƙi ga waɗanda suka faɗi a babur, waɗanda ba su da kaɗan a garuruwanmu. Kuma da shi ake tsinkayar wani ƙari na ƙashin muƙamuƙi da likitoci ke kira amelobilastoma, wanda likitocin tiyatar fuska na Nijeriya suka san shi ƙwarai: yana girma a hankali, babu zafi, shekara da shekaru, sai mutum ya zo asibiti fuska ta riga ta karkace, a rasa abin yi sai yanke ɓangaren muƙamuƙi, alhali da an gan shi yana ƙarami da aikin bai kai haka ba. A ƙarshen shekarun 1990 kuma aka fito, a Italiya da Japan, da na'urar da ke nuna muƙamuƙi ta tsawo da faɗi da zurfi, wadda masu dasa haƙori suke dogara da ita.

Mizanin haske, da haddin da bai kamata a ƙetare ba

Tambayar da mutane suka fi yi ita ce ko hasken nan yana cutarwa, kuma tambaya ce ta masu hankali, wadda ta cancanci amsa da adadi. Masana suna auna rabon da jiki ya samu da wani ma'auni da ake kira maikurosibat. Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa shiga asibiti ba, yana samun kimanin 2,400 a shekara a matsakaicin lissafin duniya, daga ƙasa da duwatsu da iska da abinci da sararin samaniya, wato tsakanin 6 da 7 a kowace rana. Ƙaramin hoton haƙori guda yana kai wa kimanin 5 ko ƙasa da haka, babban mai kewaya kai kuwa tsakanin 10 da 30. Ke nan ƙaramin bai kai rabon yini ɗaya na zaman duniya ba, ina kuma ga minti 25 na Walkhoff, tun da yanzu harbin bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Na'urar mai nuna zurfi ita ce mai nauyi, domin takan kai gommai har ɗaruruwa, saboda haka ba a yin ta sai da larura bayyananniya. Allon dijital ya fi fim saurin kama haske, don haka yana wadatuwa da kaɗan. Amma masu talla da suke cewa ya rage kashi 90 cikin 100 suna gwada shi ne da tsohon fim mai nawa, in aka gwada da fim mai sauri na baya-bayan nan ratar ba ta kai haka ba, kuma gaskiya ta fi dacewa da a faɗe ta yadda take. Ko da yake haka ne, raguwar hasken ta kai har a 2024 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta ba da shawarar cewa rigar dalmar da ake lulluɓa wa majinyaci ba ta zama dole ba idan na'ura ta zamani ce kuma an tsuke bakin bututun daidai girman allon. Mai juna biyu ma, in larura ta kama, ana yi mata, sai dai wajibi ne ta sanar da likita.

Duk da haka ina da tsoro guda, kuma daga cikin sauƙin abin ya fito. A zamanin fim, wahalar wanki da tsadarsa suna sa ma'aikaci ya yi tadabburi kafin ya danna. Yanzu da hoto yake fitowa nan take, ana goge shi da taɓa maɓalli ɗaya, sai sakewa ta zama ba a bakin komai ba, a ɗauki uku ko huɗu a inda ɗaya zai wadatar, har ribar da aka samu ta ragin haske ta zube. Ƙa'idar da masana suka yi ittifaƙi a kanta ita ce kada a harba haske sai amfaninsa ya rinjayi illarsa, kuma a tsaya a mafi ƙarancin abin da zai biya bukata. Wannan kuwa daidai yake da abin da malamanmu na fiƙihu suke karantarwa, cewa larura ana ƙaddara ta ne gwargwadonta. Likitan da yake yi wa kowane mai shigowa hoto tun bai buɗe bakinsa ya duba ba, ya yi israfi da jikin mutane da dukiyarsu. Haka nan hoto yana da iyakarsa: ruɓa ba ta bayyana a cikinsa sai ta cinye kusan sulusin ma'adinin wurin, ba ya kuma nuna gyambon harshe ko na kunci, saboda haka ba ya ɗauke wa likita duba da ido da tambaya da sauraro. Allon ba ya jure tukunyar tururi da ake dafa kayan aiki a ciki, don haka sabuwar leda ga kowane baki farilla ce, musamman a ƙasar da ciwon hanta mai yaɗuwa ta jini yake da yawa. Sannan hoton majinyaci sirrinsa ne kuma amana ce. Sauƙin tura shi ta WhatsApp bai halatta yaɗa shi da sunan mai shi ba, kuma dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ta shafi bayanan lafiya.

Rabonmu a ciki

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 3.5 ne suke fama da cututtukan baki da haƙori, uku daga cikin kowane huɗu suna ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin ƙarfi, kuma a yankin Afirka na hukumar kaɗai adadin ya kai kimanin miliyan 480. Likitocin haƙori kuwa 'yan kaɗan ne a wurinmu, mafi yawansu suna manyan birane, ƙwararrun tiyatar fuska da muƙamuƙi kuma sai a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri. A nan ne nake ganin hoton dijital ya fi yi mana amfani fiye da waɗanda suka ƙirƙiro shi, domin hoton da ya zama adadi yana tafiya ba tare da mota ba. Ma'aikacin haƙori da ke babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya ɗaukar hoton kumburin muƙamuƙin wani manomi da safe, ƙwararre a birni ya duba kafin azahar, ya ce a ba shi magani a can, ko ya ce a turo shi gobe-gobe. An tsare wa talaka kuɗin mota da kwanan tasha in babu bukata, an kuma hana shi zama a gida in akwai haɗari. Hoton ba ya yin ja da tsufa, gara ba ta cinsa, ba ya ɓacewa a cikin fayil, matuƙar an adana kwafinsa a wuri na biyu.

Ban jahilci nauyin abin ba. Allon yana da tsada, da kuɗin waje ake sayensa, faɗuwa ɗaya a kan siminti ko lanƙwasar waya tana iya kashe shi, mai gyara kuma yana nesa. Ƙurar hunturu da yawan ɗaukewar wuta abokan gabar kwamfuta ne. Amma wutar da ƙaramar na'urar take ci ba ta da yawa, faifan hasken rana da batir suna ɗaukarta, kuma asibitin da ya lissafa abin da yake kashewa a kan fim da sinadari shekara bayan shekara, da fim ɗin da zafi yake lalatawa, zai ga cewa tsadar ta farko ce. Abin da ya rage shi ne horar da ma'aikata, da yi wa kowace na'ura rajista a Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, domin a riƙa auna bututun ana tabbatar da cewa ba ya fitar da fiye da kima.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu da su sa wannan na'ura, da wutar rana da za ta riƙe ta, a sashen haƙori na kowane babban asibiti, su kuma haɗa ma'aikatansa da ƙwararrun asibitocin koyarwa. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, ranar da haƙori ya hana ka barci ka je asibiti, likita ya duba bakinka ya ce a ɗauki hoto kafin a cire, kada ka ɗauka ɓata lokaci ne ko neman kuɗi. Ka yarda a ɗauka, ka roƙe shi ya juyo maka da allon ya nuna maka abin da ya gani, ka tambaye shi ko haƙorin zai cetu, sannan ka nemi a tura maka kwafin hoton a wayarka ka adana, ka tafi da shi duk asibitin da za ka je nan gaba.